Babi na Shida: Wa Ke da Ikon Kwanciya Jinya?

Dokar ƙwadago ta Nijeriya ta yi wa ma'aikaci tanadin hutun rashin lafiya, ta kuma faɗi yawansa ƙarara. Sashe na 16 ya ce in ciwo ya kwantar da ma'aikaci, likita mai rajista ya ba da shaida, za a biya shi ladan kwanakin aiki har 12 a shekara guda. Daga nan doka ta zare hannunta. An kafa ta ne a 1974, zamanin Janar Yakubu Gowon, kuma har yau adadin yana nan yadda aka rubuta shi. Kwana 12 za su ishi mai zazzaɓin cizon sauro, su ishi mai taifod in abin ya zo da sauƙi. Amma matar da likita ya ce wa ƙullutun da ke nononta sankara ne, kwanakin nan kan ƙare mata tun tana zaryar gwaje-gwaje, kafin a ba ta ko ɗigon magani.

A babin da ya gabata mun tsaya a kan kuɗin magani. A nan lokaci za mu duba, domin ciwon nan yana cin lokaci yadda yake cin kuɗi, kuma ba kowace mace ce ke da lokacin da za ta ba shi ba.

Ga yadda hanyar take ga yawancin mata. Za a fara da ganin likita da ɗaukar hoto, sannan a tsago ɗan nama daga ƙullutun a kai ɗakin gwaji, a zauna jiran sakamako, wani lokaci har makonni. In an zo tiyata, ko dai a cire ƙullutun kaɗai ko a cire nonon gaba ɗaya, galibi haɗe da kaluluwar hammata. Sai ta yi makonni kafin ta iya ɗaga hannun ya wuce kafaɗa. Kemo kuwa, wato ruwan maganin da ake ƙarawa ta jijiya, akan yi shi sau 6 zuwa 8, duk bayan mako 3, ka ga wata 4 zuwa 6 ke nan. Kowane zagaye da nasa kwanakin amai da kasala da gyambon baki, ga zubewar sumar kai. Tsakanin kwana na 7 da na 14 bayan ƙarin ruwan, ƙwayoyin jinin da ke kare jiki kan yi ƙasa sosai, har murar da wani zai sha ya wuce ta iya kai ta gadon asibiti. A waɗannan kwanaki ne likita ke cewa a guji cunkoso. To aji cike da yara cunkoso ne, kasuwa cunkoso ce, motar haya ma haka.

Bayan wannan sai gashi da na'ura. Shi kullum ake zuwa, Litinin zuwa Juma'a, tsawon mako 3 zuwa 5, wato kwanakin aiki 15 zuwa 25 a jere. Gashi kaɗai ya haɗiye kwana 12 ɗin da doka ta bayar, ya nemi ƙari. Cibiyoyin da ke da na'urar a Arewa kuma ƙalilan ne, irin su Zariya da Sakkwato da Abuja, saboda haka matar da ta taso daga Nguru ko Mubi babu zancen ta zo da safe ta koma bakin aiki da rana. Tarewa za ta yi a garin, ita da mai jinyarta, ta kama layi, tana addu'ar kada na'ura ta tsaya kafin a gama mata. Wasu za su ci gaba da allurar trastuzumab har shekara guda, wasu da ƙwayar tamoxifen shekara 5 zuwa 10. In aka haɗa lissafi, daga ranar da aka gano ciwon zuwa ranar da aka gama gashi da wuya ya gaza wata 6, sau da yawa yakan doshi shekara.

Cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mata fiye da 32,000 ne suka kamu da sankarar mama a Nijeriya, fiye da 16,000 kuma suka rasu. Babu wata sankara da ta kai ta yawa a ƙasar. A Turai ciwon ya fi samun matan da suka haura 50, da yawansu sun yi ritaya ko sun kusa. A asibitocinmu kuwa 'yan shekara 40 da ɗoriya ne suka fi cika layi. Mace mai waɗannan shekaru ita ce ƙarfin gida. Tana da ɗa a firamare, 'ya a sakandare, tsohuwa a ɗaki, wataƙila da marayun ɗan'uwanta a hannu. Duk waɗannan bakuna suna jiran abin da za ta shigo da shi da yamma ko a ƙarshen wata.

Mu fara daga sama. Ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya sun ba ma'aikacin da ba a kwantar a asibiti ba hutun jinya har kwana 42 cikin wata 12. Wanda aka kwantar ana iya ba shi wata 3 a karon farko, daga nan kwamitin likitoci ya duba ko a ƙara masa hutu da albashinsa ko a yi masa ritaya. Ko wannan tsari ma ba a ɗinka shi don mai sankara ba, tunda mai kemo zuwa take yi ta koma gida, don haka a rubuce kwana 42 ne rabonta kafin maganarta ta je gaban kwamiti. Duk da haka babbar ma'aikaciya, kamar darakta a wata ma'aikata, tana da inda za ta jingina. Aikinta na kujera ne. Tana da mataimaki da zai riƙe ofis, da direban da zai kai ta asibiti, da waya da kwamfuta da za ta duba takardu daga gado. Tana da inshorar lafiya, ko da ba ta ɗauke komai ba, da ƙungiyar ma'aikata mai ba da rance. Ban kawo wannan don in rage mata raɗaɗi ba, aman kemo bai san matakin albashi ba, tsoron barin 'ya'ya ma haka. Sai dai in ta kwanta, tukunyar gidanta ba ta daina hawa murhu, kuma tana da tabbacin kujerarta na jiranta.

A wannan ma'aikata dai, matar da ke share ofishin darakta da asuba mai yiwuwa ba ma'aikaciyar gwamnati ba ce. Tun sauye-sauyen zamanin Obasanjo aka miƙa shara da gadi da makamantansu ga kamfanonin kwantiragi. A irin wannan aiki galibi ranar da ba ki zo ba an yanke, in kika yi mako biyu an kawo wata. Mata biyu ke nan a gini ɗaya, da ciwo ɗaya, wataƙila ma likita ɗaya ke ganinsu, amma ɗaya an ba ta damar yin jinya, ɗayar kuma an bar ta ta zaɓa tsakanin asibiti da abinci.

Akwai wasu a tsakiya waɗanda ido ke ruɗuwa da su, domin a shiga da magana ba ka bambanta su da manya. Malamar makarantar kuɗi, ma'aikaciyar jinya a asibitin wani likita, mai karɓar kuɗi a banki wadda kamfanin ɗaukar ma'aikata ya kawo, sakatariya a ofishin ɗan kasuwa. Dokar 1974 ta cire masu aikin gudanarwa da na ƙwarewa daga cikin waɗanda take kira ma'aikata, don haka da yawa daga irin waɗannan mata hutun jinyarsu yana ga abin da takardar ɗaukar aiki ta ce, in ma akwai takardar. Waɗanda dokar ta shafa kuwa, ta sauƙaƙa rabuwa da su ƙwarai. Wadda ta yi tsakanin wata 3 da shekara 2 sanarwar mako guda ta wadatar, wadda ta yi shekara 5 ko fiye wata guda. Mai makaranta ba sai ya furta kalmar kora ba. Zai kira ta ofis ya ce, "Malama, lafiya ita ce gaba da komai. Ki je ki kula da kanki, in kin warke kya dawo." Ita kuma ta ce, "Na gode, Yallaɓai," ta fita ta san albashin watan nan shi ne na ƙarshe. Gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon duba korar da ba ta da adalci, kuma wannan ci gaba ne na gaske. Amma macen da ke tsakiyar kemo, wadda ta sayar da sarƙarta don zagaye na uku, ina ta ga kuɗin lauya da ƙarfin zaryar kotu?

Shi ya sa da yawansu ke ɓoyewa. Hijabi ya rufe kai, a nemi likita ya sa ƙarin ruwan gab da ƙarshen mako don a yi aman a gida, Litinin a tsaya gaban allo ƙafa na rawa. In abokiyar aiki ta tambaya a ce ulsa ce. Mutane kan ɗauki wannan a matsayin juriya, kuma juriyar ce. Ni dai abin da nake gani a ciki tsoro ne, tsoron da ke hana mace faɗin ciwonta ga mutanen da take yini da su, a daidai lokacin da ta fi bukatar a ɗauke mata nauyi.

Duk waɗanda muka lissafa zuwa nan 'yan tsiraru ne. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Nijeriya suna cikin sana'o'in da ba su da rajista ne, babu takardar ɗauka, babu fansho, babu inshora, kuma rabon mata a ciki ya fi na maza. Nan ne mai ƙosai take, da mai awara, da mai ƙuli-ƙuli, da mai kitso, da mai wankau, da tela a cikin gida, da dillaliya, da matan da ke tsince riɗi da zoɓo a kasuwar Dawanau ana biyansu gwargwadon abin da hannunsu ya gama. Su maganar hutun jinya ba ta ma taso ba, don babu wanda za a kai wa takardar likita. Rayuwa ce ta hannu baka hannu ƙwarya. Ranar da ba a ɗora kasko ba, ranar babu cefane.

A nan ne ya kamata mu daɗe, domin ciwon da maganinsa suna taɓa ainihin gaɓoɓin da waɗannan mata ke ci da su. In an cire kaluluwar hammata, kusan mace 1 cikin 5 hannunta kan kumbura daga baya, ya yi nauyi, ya yi tauri, wani lokaci har ƙarshen rayuwa. Ana gargaɗin mai irin wannan hannu ta kiyaye shi daga ƙuna da yanka, domin ƙaramin rauni na iya zama babban ciwo. Faɗa wa mai suyar ƙosai ta kiyaye hannunta daga fallatsin mai, ko mai surfe ta rage ɗaga taɓarya, daidai yake da ce mata ta bar sana'ar. Wasu magungunan kemo kuma suna taɓa jijiyoyin yatsu, a riƙa jin dindiris da tsira kamar allura. Darakta za ta iya sa hannu a takarda da irin waɗannan yatsu. Mai kitso ba za ta iya tsaga da kama gashi yini guda da su ba, tela ba za ta iya zura zare ba. Ga kasalar da kan bi mutum watanni bayan an gama magani, wadda barci ba ya kore ta. Wadda aikinta ya fi bukatar ƙarfin jiki ita ta fi bukatar dogon hutu, ita ce kuma ba ta da ko yini ɗaya.

Asarar ba ta tsaya a kan ribar yau ba. Jari ake fara ci, sannan a sayar da keken ɗinki ko firji ko akuya. Masu saye ba sa jira, in suka zo sau uku ba su samu ba sun koma maƙwabta, kuma dawo da su sai an sha wuya. Wasu ma da gangan suke ƙaurace wa abincinta da zarar labari ya bazu, alhali sankara ba a ɗaukarta, ko ta abinci ko ta taɓawa ko ta zama wuri ɗaya. Uwar adashi za ta yi kara sau ɗaya, sau biyu, amma ita ma amanar mutane ce a hannunta, zubi kuma ba ya jiran mara lafiya. Daga ƙarshe a ciro babbar 'ya daga makaranta, ta zama ita ce mai jinya, ita ce mai suya, ita ce mai talla. Ta haka ciwon uwa ke cin karatun 'ya.

'Yar aikin gida kuwa takan zo ne a kunyace ta ce, "Hajiya, jikin ne ya matsa, zan je gida in ɗan huta." A ce, "Ayya Baba, Allah ya sawwaƙe, ga wannan ki hau mota." Ba lallai mugunta ce ta sa ba, sau da yawa uwar ɗakin ba ta ma tambayi mene ne ciwon ba. Amma matar da ta yi shekaru tana goyon yaran gidan ta tafi ke nan da kuɗin mota.

Wannan bambanci ba a nan kaɗai yake ba, sai dai kamanninsa na sauyawa gwargwadon dokar ƙasa. A Jamus mai kamfani ne ke biyan cikakken albashi na mako 6, daga nan asusun inshorar lafiya ya karɓa ya riƙa biyan kashi 70 cikin 100, har zuwa mako 78 a kan ciwo ɗaya. A Ingila akwai kuɗin jinya na doka har mako 28, kuma dokar daidaito ta 2010 tana kare mai sankara daga wariya a wurin aiki tun daga ranar da aka gano ciwon. Duk da irin wannan kariya, binciken ƙasashen Turai ya sha nuna cewa masu aikin ƙarfi da masu ƙarancin karatu sun fi daɗewa a hutun jinya, sun kuma fi ƙarewa a fanshon naƙasa. A Faransa, wani babban bincike mai suna CANTO da aka wallafa a 2020 ya gano kusan mace 1 cikin 5 ba ta koma aiki ba shekara 2 bayan gano ciwon. Amurka kuwa dokarta ta 1993 mako 12 ta bayar, babu albashi, kuma sai a wurin da ke da ma'aikata 50 ko fiye. A birnin New York, Dokta Victoria Blinder da abokan aikinta sun bi mata 267 masu sankarar mama, suka wallafa sakamakon a 2017. Cikin masu babban samu, kashi 95 cikin 100 sun riƙe aikinsu bayan magani, masu matsakaicin samu kashi 90, masu ƙaramin samu kuwa kashi 57 kacal.

Abin lura a nan shi ne, inda ake biyan hutun jinya, talaucin mace kan bayyana a matsayin dogon rashin zuwa aiki, kuma ana iya ƙirga shi a yi masa magani. Inda ba a biya, talauci kan bayyana ta wata fuskar: ko ta ci gaba da aiki da ciwon, ko ta rasa aikin, ko ta bar maganin. Idan wani ya ce maka matan talakawanmu ba sa ɗaukar hutun jinya, gaskiya ya faɗa, amma ba lafiya ce ta hana su ba.

Na ukun nan, barin magani, shi ne ke kisa. Mace ta ji ƙullutu tun yana kamar ƙwayar gyaɗa, ba ya ciwo, ta san zuwa asibitin koyarwa yini ne cur, wataƙila yini uku kafin a ga likitan da ya dace, sai ta ce bari a wuce salla, bari a biya kuɗin makaranta. Muna yawan ɗora jinkirin nan a kan jahilci da masu maganin gargajiya, kuma suna da nasu kason. Amma mai maganin gargajiya yana bakin layi, yana karɓar abin da ya samu, ba ya kuma cinye mata yinin sana'a. Kusan mata 3 cikin 4 a ƙasashen Afirka kudu da Sahara sai ciwon ya kai mataki na 3 ko na 4 ake gano shi. Wadda ta fara kemo kuma, in ƙullutun ya motse bayan zagaye na biyu ko na uku, bashi ya taru, yara na kuka, sai ta koma bakin kasko da niyyar dawowa. Lokacin da za ta dawo ciwon ya riga ta yin nisa.

A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shiri na musamman kan sankarar mama mai buri uku: a gano aƙalla kashi 60 cikin 100 tun a mataki na 1 ko na 2, a kammala gwaje-gwaje cikin kwana 60, sannan kashi 80 su kai ƙarshen magani. Kowane ɗaya daga cikinsu yana bukatar mace ta iya barin aikinta ba tare da gidanta ya kwana da yunwa ba. Wani bincike da aka yi a ƙasashen Afirka 5 aka wallafa a 2020 ya nuna inda muke. Shekara 3 bayan gano ciwon, kashi 36 cikin 100 ne kawai na matan da aka bi a Nijeriya, a Aba da Owerri, suke raye. A Namibiya, ƙasa ɗaya mai tuta ɗaya, farar fata kashi 90 ne suka rayu, baƙar fata kashi 56. Masu wannan bincike sun kuma lissafa cewa duk mata 100 'yan ƙasa da shekara 50 da ciwon ya kashe sun bar marayu kusan 210.

Wani zai ce ai ciyarwa a kan miji take, mace ta kwanta ta yi jinyarta. Haka shari'a ta tsara, kuma akwai mazan da suka sayar da gona da babur suka tsaya da matansu har ƙarshe, Allah ya saka musu. Amma likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun bi matan aure 81 da aka cire wa nono, suka wallafa a 2010 cewa bayan shekara 3 kashi 38 cikin 100 aurensu ya mutu ko sun rabu da mazan. Ga zawarawa, ga waɗanda mazansu suka rasu, ga waɗanda mijin na nan amma samunsa bai kai ba. Tsarin da ya dogara kacokan a kan miji ya bar mata masu yawan gaske a fili.

Ban manta da alherin mutanenmu ba. Akwai shugaban ofis da ke kawar da kai ya bar albashi na tafiya, akwai malaman da ke raba darussan abokiyar aikinsu a tsakaninsu, akwai maƙwabciyar da ke soya mata ƙosan ta kawo mata cinikin. Wannan shi ke riƙe da mata da yawa a yau. Sai dai alfarma ce, ita kuwa alfarma tana bin sanayya. Wadda ke da ɗan'uwa babba ko ta iya shiga ofis ta yi bayani ta fi samunta, kuma ranar da aka sauya shugaba tana iya yankewa. Haƙƙi shi ne abin da marar kowa za ta samu ba tare da ta durƙusa ba.

Hanyar gyara ba baƙuwa ba ce a dokokinmu. Ita wannan doka ta 1974 ta ba mai haihuwa mako 12 da aƙalla rabin albashi, ta kuma hana a kore ta a lokacin. Dokar 2014 ta haramta nuna wa masu cutar ƙanjamau wariya a wurin aiki. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta sa masu kamfanoni zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da suke biya a asusun NSITF, don a biya wanda ya ji rauni a bakin aiki. Ke nan mun san yadda ake kare gurbin aiki, mun san yadda ake tara kuɗi wuri ɗaya don kada nauyin ya faɗa kan ƙaramin mai makaranta shi kaɗai. Abin da ya rage a faɗaɗa wannan zuwa doguwar jinya. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya tun a 1969 ta ajiye ma'auni, kashi 60 cikin 100 na albashi na aƙalla mako 52, Nijeriya ba ta rattaba hannu a kai ba. Ko ba a kai can ba a tashin farko, tsakanin kwana 12 da mako 52 akwai fili mai faɗi da Majalisar Tarayya za ta iya tsayawa.

Gyaran dokar ƙwadago dai ba zai kai ga mai ƙosai ba, ita tata hanyar daban ce. Asusun tallafa wa masu sankara da gwamnatin tarayya ta fara a 2021 a asibitoci 6, ciki har da na Zariya da Gombe, da dokar inshorar lafiya ta 2022, duk a kan kuɗin magani suka tsaya. Ana bukatar wani ɗan tallafi na wata-wata, na abinci da mota da masauki, wanda za a ɗaura shi da zuwan mace asibiti har ta gama. Hukumomin zakka da waƙafi irin na Kano da Sakkwato suna da hurumin wannan, domin matar da ciwo ya raba da sana'arta ya bar ta da bashi ta shiga cikin masu cin zakka ta ƙofa fiye da ɗaya. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu sana'a ma za su iya ware ɗan kaso daga zubi don mambar da ta kwanta doguwar jinya, yadda ake ware na biki da na rasuwa.

Kafin majalisa ta motsa, da yawa daga masu karanta littafin nan su ne doka a kan wata mace. Kai mai makaranta ko shago ko asibiti, ke Hajiya mai 'yar aiki, in ma'aikaciyarku ta ce jiki ya matsa, ku tambaye ta mene ne, ku sa ta ga likita a makon, ba tare da an yanke mata ko sisi ba. In sakamako ya nuna sankara ce, ku faɗa mata tun ranar farko, da baki kuma a rubuce, cewa gurbinta na nan kuma ga abin da za ta riƙa samu duk wata har ta gama gashi. In cikakken albashi ya fi ƙarfinku ku ba da rabi, ku sauya mata aiki mai sauƙi a makonnin da take jin dama, ku kuma rufa mata asiri. Kada ku jira ta roƙa, yawancinsu ba za su roƙa ba.